Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Raba Kuɗin Binciken Lafiya: A Waiwayi Ƙananan Hanyoyin Jini

Zuwa ga shugabanni da mambobin kwamitocin da ke yanke hukunci kan kuɗin binciken lafiya, na gwamnatoci da na gidauniyoyi da na jami'o'i.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara. Na rubuto ne da yawun abokan aikina da muka daɗe muna juya wannan magana a tsakaninmu, da kuma yawun marasa lafiyar da ba za su taɓa zama a teburinku ba: masu sikila, da masu ciwon suga, da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya hau wa ƙwaƙwalwa, da waɗanda sefsis ta kayar, wato halin da ƙwayoyin cuta ke tunzura garkuwar jiki har ta juyo tana lalata gaɓoɓin mai ita. Cututtukan nan sun sha bamban, amma wurin ɓarnarsu ɗaya ne: siraran hanyoyin jini da ido ba ya gani, waɗanda a cikinsu ne iskar oksijin ke barin jini ta shiga tsoka da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Kukanmu shi ne an bar binciken wannan wuri a baya, kuma ko abin da aka riga aka gano bai iso bakin gado ba.

Na san kun fi ni sanin tarihin, amma ku yi mini haƙuri in taɓo shi a taƙaice, domin tsawonsa ma hujja ne. A 1628 William Harvey ya bayyana cewa jini zagaye yake yi a jiki, amma ya rasu bai ga mahaɗar da ke tsakanin jijiyoyin da ke fita daga zuciya da masu komawa gare ta ba. Marcello Malpighi ne ya hango ta a 1661, a cikin huhun kwaɗo, da madubin ƙara girma. A 1920 aka ba August Krogh na Danmak kyautar Nobel saboda aikinsa kan yadda jiki ke sarrafa gudun jini a waɗannan hanyoyi gwargwadon buƙatar tsoka. Faɗin mafi ƙanƙantarsu bai wuce maikiromita 5 zuwa 10 ba (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), jar ƙwayar jini kuwa tana kai wa 7 zuwa 8, don haka a wurare da dama sai ta lanƙwashe kanta take wucewa, ɗaya bayan ɗaya. Fiye da shekara 360 ke nan da ganin su. Amma yau in aka kawo mini mutum ranga-ranga, babu na'ura ko ɗaya cikin waɗanda ake jona masa da za ta gaya mini kai tsaye abin da ke faruwa a cikinsu.

Wannan shi ne ƙorafinmu na farko. Abin da muke aunawa dare da rana shi ne ƙarfin bugun jini a babbar jijiyar hannu, da saurin bugun zuciya, da yawan jinin da zuciya ke turawa. Duk labarin babban titi ne, alhali mutane a lungu suke zaune. Titi na iya zama fayau motoci na gudu, lunguna kuwa a toshe. Na yi jinyar wani dattijo da sefsis ta kama bayan ciwon huhu. An yi masa ƙarin ruwa, an sa masa maganin ɗaga awon jini, lambobin da ke kan allon na'ura suka koma daidai, ƙararrawar ta yi shiru. 'Yarsa ta dubi allon ta ce mini, "Sista, ai da sauƙi ko?" Ni kuwa hannuna na kan gwiwarsa, sanyi ƙalau, kuma jakar fitsarinsa tun safe ba ta ƙaru da abin kirki ba. Na danna yatsarsa na saki, jinin ya yi ta jan ƙafa kafin ya dawo. Ban da abin da zan nuna mata a rubuce. Kwana bai zagayo ba ƙodarsa ta tsaya.

Abin da hannuna ya ji a ranar ba camfi ba ne, masana sun gan shi da ido. A 1999 aka fito da wata hanyar ɗaukar hoto da ke nuna gudun jajayen ƙwayoyin jini a jikin mutum mai rai ba tare da an yanka shi ba. A 2002 Daniel De Backer da abokan aikinsa a Burasels suka ɗora irin wannan kyamara a ƙarƙashin harshen mutum 50 masu sefsis mai tsanani, suka tarar hanyoyin da jini ke bi sun ragu, wasu jini na gudu a cikinsu, maƙwabtansu kuwa cak. Lalacewar ta fi muni ga waɗanda daga baya suka rasu. Wani abu da ya kamata ya hana ku barci a cikin wannan aiki shi ne, da suka ɗiga asetilkolin, sinadarin da ke sa jijiyar jini ta saki jiki, a wurin, sai hanyoyin suka buɗe. Ke nan ba mutuwa suka yi ba, rufewa suka yi, kuma abin da ya rufe ana iya neman mabuɗinsa. Daga baya Can Ince na Holan ya yi ta jan hankali kan cewa a irin wannan hali gyaruwar awon jini ba ta nufin gyaruwar ƙananan hanyoyi, su biyun sun raba gari.

To ina aka kwana? Fiye da shekara 20 bayan haka, kyamarar tana nan a hannun 'yan bincike ƙalilan. Riƙe ta ma sai an koya, domin in ka ɗan danna ta da ƙarfi kai ne za ka tsayar da jinin, ka ɗauki hoton ɓarnar da ka yi da hannunka. Yawu da kumfar iska na ɓata hoto. Tantance abin da aka ɗauka ya daɗe yana cin lokacin da mai jinya ba ta da shi. A 2023 aka wallafa wani gwaji daga Jamus a kan mutum 141 da jininsu ya faɗi, inda aka riƙa nuna wa likitoci sakamakon kyamarar, amma hakan bai rage mutuwa ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin rufe babi. Mu a wurinmu saƙon daban ne: an ba likita ido ba a ba shi hannu ba. Ya ga hanyoyi a toshe, to da me zai buɗe su? Magungunan da ke gabansa duk don babbar jijiya aka tsara su. Mutum 141 kuma ba adadin da za a binne fanni guda a kansa ba ne.

Ƙorafi na biyu ya fi ba mu takaici, domin ya shafi abin da ba ya cin kuɗi. Kowace mai jinya ta san gwajin danna yatsa: a danna har wurin ya yi fari, a saki, a ƙirga daƙiƙun da jini zai ɗauka ya dawo. Shekara da shekaru ana yi masa kallon abin 'yan koyo. Sai a 2019 aka wallafa gwajin ANDROMEDA-SHOCK, wanda Glenn Hernández na ƙasar Chile ya jagoranta a ɗakunan kulawa 28 cikin ƙasashe biyar na Kudancin Amurka, da marasa lafiya 424. Sun daidaita yadda ake yin sa: a danna tsinin yatsa da ɗan gilashi na tsawon daƙiƙa 10, a saki, a auna da agogo, in ya wuce daƙiƙa 3 to akwai matsala. Rabin marasa lafiyar aka bi da su da wannan ma'auni, rabi kuma da awon laktet a jini, sinadarin da kan taru idan sassan jiki ba sa samun isasshen oksijin. Cikin kwana 28, kashi 34.9 cikin ɗari na rukunin yatsa suka rasu, na rukunin laktet kuwa kashi 43.4. A ƙa'idar lissafi tazarar ta gaza kai wa matakin tabbaci da kaɗan, kuma ba zan ce ta kai ba. Amma rukunin yatsa an yi musu ƙarin ruwa ƙasa da na ɗayan, gaɓoɓinsu kuma sun fi farfaɗowa a kwana uku na farko. Ɗan gilashi da agogo ke nan. Da a ce sabon magani ne mai kamfani a bayansa ya nuna irin wannan alama, da tuni an yi rububin zuba masa kuɗi. Abin da babu mai cin ribarsa, ku ne kaɗai gatansa.

Kada ku ɗauka muna cewa duk abin da ya gyara alamar gudun jini ya ceci rai. Gwajin FEAST na 2011 ya isa gargaɗi. Kathryn Maitland da abokan aikinta sun bi yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin gudun jini a Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi nuna alamun farfaɗowa a sa'ar farko, amma cikin sa'o'i 48 kimanin kashi 10.5 cikin ɗari daga cikinsu suka rasu, waɗanda ba a ɗura wa ba kuwa kashi 7.3. Abin da kowa ya yarda da shi tsawon shekaru sai ga shi yana kisa. Shi ya sa ba hotuna masu kyau muke roƙo ba, gwaje-gwaje manya muke roƙo, waɗanda ke ƙirga wanda ya rayu da wanda ya koma gida da ƙodarsa.

Na uku, launin fata. Yawancin alamun da aka koya mana na raunin gudun jini a kan farar fata aka siffanta su: ɗashewar fuska, shuɗin leɓe, dabbare-dabbaren da ke fitowa a gwiwa. Akwai ma ma'auni sukutum da aka gina kan yadda wannan dabbare-dabbare ke yaɗuwa daga gwiwa zuwa cinya. A fata mai duhu sau da yawa ba a ganin sa, sai dai mu koma ga tafin hannu da cikin leɓe da jin sanyin fata. Hatta 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin, wadda haske take harbawa ta cikin fata, ba ta tsira ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka nuna cewa a lokutan da na'urar ke cewa lafiya lau, baƙaƙen fata sun ninka farare kimanin sau uku wajen samun ƙarancin oksijin na ɓoye, kashi 11.7 cikin ɗari a kan 3.6. Ma'anar wannan a bakin gado ita ce a jinkirta wa mutum iskar da yake buƙata saboda na'ura ta wanke shi. Sababbin na'urorin duba ƙananan hanyoyin jini da dama su ma da haske suke aiki. In ba ku gindaya sharaɗi tun yanzu ba, kuskuren nan za a sake haifa.

Sai maganar masu sikila, wadda a nan nake so ku ɗan tsaya. Babu cutar da ta kai ta zama cutar ƙananan hanyoyin jini. Tun 1910 James Herrick ya siffanta ƙwayoyin masu kama da lauje a birnin Shikago. A 1949 Linus Pauling da abokansa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jar ƙwayar jini, kafin 1960 kuma Vernon Ingram ya gano ainihin gurbi ɗaya tak da ya sauya a cikinsa. Idan oksijin ya yi ƙasa, wannan himogulobin sai ya dunƙule ya miƙe kamar sanda, ƙwayar ta ƙage, ta kasa lanƙwasawa. Ba a nan ta tsaya ba: ƙwayoyin kan manne a bangon jijiya tare da fararen ƙwayoyin jini, wuri ya ƙuntata, na baya su cushe. Waɗanda suka fashe kuma su zubar da himogulobin da ke cinye sinadarin naitirik oksaid, wanda shi ne ke sa jijiya ta saki jiki, sinadarin da gano aikinsa ya jawo wa Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Lafiyayyar ƙwaya kan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20. Tun ƙarni na 19 likitan Faransa Poiseuille ya nuna cewa idan faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke wucewa ta cikinsa ninki 16 yake raguwa. Ku auna abin da ɗan ƙuntatawa ke yi wa ƙashi.

Duk wannan an sani. Amma yarinyar da ta zo tana murƙususu tana cewa ƙasusuwanta ake sara, babu wani awo da zai nuna toshewar da ke cikinta a wannan lokaci. Awon jininta daidai, hoton ƙashinta sau da yawa babu komai. Abin da ya rage shi ne a yarda da bakinta ko a ƙi. Na sha ganin an ƙi. Na taɓa jin wani ma'aikaci na cewa da wata budurwa, "Ke kullum allura, allura," ita kuwa ta cije gefen zanen gado don kada ta yi ihu a ƙara zarginta. Rashin ma'auni shi ke buɗe ƙofar wannan wulaƙanci. Ƙididdigar duniya ta nuna mutum miliyan 7.74 ne ke rayuwa da sikila a 2021, an kuma haifi jarirai wajen 515,000 da ita a shekarar.

Magunguna fa? Haidiroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi ga manya a 1998, har gobe shi ne ginshiƙi. Maganin kirizanlizumab, da aka yi don hana ƙwayoyi mannewa a bangon jijiya, ya samu amincewa a Amurka a 2019, sai Tarayyar Turai ta soke lasisinsa a 2023 bayan babban gwaji ya gaza nuna amfaninsa. Maganin voxelotor kuwa, da aka yi don hana himogulobin dunƙulewa, kamfaninsa ya janye shi daga kasuwannin duniya a watan Satumba na 2024 saboda fargabar illa. A ƙarshen 2023 aka amince da maganin gyaran ƙwayoyin halitta a Birtaniya da Amurka, abin farin ciki ne, amma sai an kashe ɓargon mara lafiya da magani mai ƙarfi a cibiya ta musamman, kuma mafi yawan masu cutar ko a mafarki ba za su kai gare shi ba. Faɗuwar waɗancan magunguna biyu, a ganinmu, alama ce ta cewa har yanzu ba a gama fahimtar abin da ke wakana a cikin jijiyar ɗan Adam lokacin da ciwon ya tashi ba. Wani nazari na 2020 ya nuna cewa a Amurka kuɗin binciken gwamnati da ke zuwa kan kowane mai sistik faiburosis, wata cutar gado mai taɓa huhu, ya ninka na mai sikila fiye da sau uku. Ba mu ce a rage wa kowa ba.

Sauran zan bi su da sauri. Ciwon suga, wanda aka ƙiyasta manya miliyan 537 na ɗauke da shi a 2021, ta ƙananan hanyoyi yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Gwajin DCCT na 1993 ya nuna tsananta kula da suga ya rage haɗarin fara lalacewar ido da kashi 76 cikin ɗari, amma har yau sau da yawa sai ɓarna ta yi nisa ake ankara. Akwai masu ciwon ƙirji, mata sun fi yawa a cikinsu, da ake yi wa hoton manyan jijiyoyin zuciya a ce ba komai a sallame su, alhali ƙananan ne suka gaza. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jini daga ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa take tasowa, su ne kuma ke da babban kaso a rikicewar tunani ta tsufa. A zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da cutar ta shiga ne ke maƙalewa a siraran hanyoyi, kuma masu bincike a Blantyre ta Malawi sun nuna cewa leƙa bayan idon yaro na taimakawa a bambance wanda wannan ce matsalarsa da wanda wani ciwo ne ya sumar da shi. Sefsis kaɗai an ƙiyasta ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 11 a 2017. Kowane fanni na aikinsa a ɗakinsa: likitan ido bai san abin da na ƙoda ya gano ba, domin ku ma gaɓa-gaɓa kuke raba kuɗin, su kuwa waɗannan hanyoyi ba su da gaɓa tasu.

Ga abin da muke roƙo.

Ku ware wani kaso mai suna, na shekaru da dama, don binciken ƙananan hanyoyin jini, wanda likitan jini da na ido da na zuciya da na ɗakin kulawa za su nema tare, maimakon kowa ya raɓa da shi a gefen aikinsa. Ku ɗauki nauyin manyan gwaje-gwaje kan ma'aunai masu sauƙi, irin danna yatsa da bambancin zafin fata da leƙa bayan ido, a asibitoci manya da ƙanana, har da yara. Duk na'urar da za ku tallafa wa, ku sa sharaɗin a gwada ta a kan kowane launin fata kuma a wallafa sakamakon kowane rukuni daban, kafin a saki kason kuɗi na gaba. Haka nan ta zama wadda mai jinya za ta riƙe da hannu ɗaya ta samu amsa cikin 'yan mintuna, da tsakar dare, babu ƙwararre a kusa.

Muna roƙon ku sa samar da awon toshewar jini ga masu sikila cikin manyan manufofinku, ku kuma kai binciken inda mafi yawansu suke, tare da masu binciken waɗannan ƙasashe a matsayin jagorori, ba masu ɗibar jini kawai ba. Ku wajabta wallafa sakamakon duk gwajin da kuka biya, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, don kada wani ya sake bin hanyar da ta riga ta ɓulle a banza. Sannan ku ba masu jinya da marasa lafiya kujera mai ƙuri'a a kwamitocin da ke tantance buƙatun bincike. Muna kuma son ku bayyana wa jama'a, a rahotonku na shekara mai zuwa, nawa ne daga cikin abin da kuka raba ya tafi ga wannan fanni.

A shirye muke mu zo gabanku mu yi bayani, mu kuma buɗe ɗakunanmu ga duk mai binciken da kuka turo, bisa yardar marasa lafiya da iyalansu. Muna jiran amsarku a rubuce.

Ku huta lafiya.

Taku cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin kulawa ta musamman, a madadin abokan aikinta da marasa lafiyarsu